Gyara ko Canji: Yadda Za Ka Yanke Hukunci a Kan Ƙafar Tsohon Jirgin Ruwa Mai Gudu

Duk wanda ya sayi tsohon jirgin ruwa mai gudu da niyyar farfaɗo da shi, abin da idonsa ke fara sauka a kai shi ne ƙafar da ke rataye a baya. Fenti ya ɓare, farar tsatsa ta yi mata dabbare-dabbare, bakin farfela ya guntule. Nan take zuciya za ta ce a cire ta a sa sabuwa. Shawarata ita ce ka bar ta a inda take tukuna. Amsar ko za a canza ta ba a jikinta kaɗai take ba. Tana cikin bangon da ke riƙe da ita, da injin da ke juya ta, da kasuwar da za ka riƙa neman kayanta nan da shekara 5.

Ga wanda bai saba da irin wannan jirgi ba, ga yadda tsarin yake. Injin yana zaune a cikin jirgi ta can baya, kuma asalinsa injin mota ne da aka gyara don aikin ruwa. Ƙafar tana waje, ita ce ke ɗauke da giya da farfela, ita ce kuma ke karkata dama da hagu idan an murɗa sitiyari. Tsakaninsu akwai rami da aka huda a bangon baya, ta nan shaf yake wucewa. Turawa suna kiran wannan haɗi sitan-diraib, ni kuwa zan ci gaba da cewa ƙafa. Kamfanin Volvo Penta na Suwidin ne ya fara fito da ita kasuwa a bajekolin jiragen ruwa na New York a 1959, bisa ƙirar wani injiniya Ba'amurke mai suna Jim Wynne, sannan ƙafar MerCruiser ta kamfanin Mercury ta biyo baya a 1961. Yawancin tsofaffin jiragen faiba da ake shigowa da su na hannu daga Amurka, waɗanda tsawonsu ya kai ƙafa 17 zuwa 24, da wannan tsari suke zuwa.

Mataki na 1: Ka san wace ƙafa ce a hannunka

Kafin ka ɗauki sifana, ɗauki tsumma da fitila ka nemo lambar ƙafar da ta injin, ka rubuta su. Shekarar da aka ƙera jirgi ba hujja ba ce, domin jirgin da ya shekara 35 wataƙila an taɓa canza masa ƙafa ko inji. Wannan matakin shi kaɗai yana iya yanke rabin hukuncin.

Idan MerCruiser Alpha One ce, ka yi sa'a. Ita ce ta fi yawa, kayanta suna samuwa daga kamfanin da kuma masu ƙera makamantansu. Zubi biyu ce: ta farko wadda aka yi a shekarun 1980 har zuwa 1990, da ta biyu daga 1991 zuwa yanzu. Ba sa shiga gurbin juna haka kawai, saboda haka ka tantance. An yi ta ne don inji mai ƙarfin doki har 300. Yayarta Bravo, wadda ta fito a 1988, ta fi ta girma da juriya, ta kuma fi ta tsada.

Idan Volvo Penta ce, irin su 270 da 280 da 290 ko SX, ƙafa ce mai ƙwari wadda ta cancanci gyara, sai dai kayanta ba su da araha.

Inda magana take shi ne OMC. Wannan kamfanin ya durƙushe a Disambar 2000, kuma ƙafafunsa iri biyu ne da bambancinsu yake da girma. Cobra, wadda aka yi daga 1986 zuwa 1993, har yanzu ana samun kayanta na yau da kullum, amma wasu sassan ciki sai dai na hannu. An san ta da rashin haƙuri da kebul ɗin giya: idan ya miƙe ko ba a saita shi daidai ba, giyar ba ta kamawa sosai, haƙoran sai su riƙa cin juna har ƙafar ta fara fita daga giya ana tsakiyar gudu. Wadda ta riga ta, wato Stringer da aka daina yi a 1985, labarinta daban ne. Ba a jikin bangon baya take rataye ba, a jikin injin take, injin kuma yana ɗaure da ginshiƙan ƙasan jirgi. Ramin da take fitowa ta ciki babba ne, wata faffaɗar roba ce kawai ta rufe shi. Kayanta sun yi wuya, masu iya ta sun ragu ko a can Amurka. Idan ita ce a jirginka, ka sa a ranka tun yanzu cewa ba batun canza ƙafa kake yi ba, batun sake gina bayan jirgi ne.

Mataki na 2: Bangon baya

Nan nake so ka fi daɗewa, domin nan ne kuɗin mutane ke nutsewa.

Bangon bayan yawancin waɗannan jirage falawud ne da aka lulluɓe ciki da waje da faiba. Faiba ba ya ruɓewa, amma katakon da ke cikinsa yana ruɓewa. Ruwa yana shiga ta ramukan noti, ta gefen ramin ƙafar, ta wurin da aka ɗaura matakala, ta toshiyar zubar da ruwa. Da zarar ya shiga ba ya fita. Shekara da shekaru yana cin katakon a ɓoye, daga waje kuwa bango yana ƙyalli. Wannan bangon shi ne ke ɗaukar nauyin ƙafar da duk turin da farfela ke yi. Ɗora sabuwar ƙafa a kan ruɓaɓɓen bango kitso ne da ƙwarƙwata.

Ga yadda za ka duba shi. Ɗaga ƙafar sama, ka sa wani mai nauyi ya danna ta ƙasa da ƙarfi yana sakewa, kai kuma ka zuba ido a inda ta haɗu da bango. Bango mai lafiya ba ya motsi ko kaɗan. Idan ka ga yana numfashi, ko ƙananan tsaga suna buɗewa a kewayen faifan ƙarfen da ke riƙe da ƙafar a jikin bango, ka samu amsa. Daga nan ɗauki ƙaramar guduma mai kan roba ka bi bangon da ƙwanƙwasa, tsakanin bugu da bugu kamar faɗin yatsu huɗu. Wuri mai kyau yana ba da ƙara mai kaifi. Ruɓaɓɓen wuri yana amsawa kamar an bugi fasasshiyar ƙwarya. Ka zagaye duk wurin da ka ji haka da alli.

Kunne yana iya yaudara, saboda haka kada ka tsaya nan. Shiga cikin jirgi, ka huda ƙananan ramuka daga ciki a ƙasa-ƙasan bangon da kewayen ramin ƙafar. Naɗa salatif a bakin abin hudar don kada ka ɓula ta waje. Dubi garin da ya fito. Busasshen gari mai haske lafiya ne. Baƙi mai danshi, ko ruwa mai launin shayi yana tsattsafowa, ruɓa ce. Ramukan da suka fito da kyau ka cike su da gam ɗin efoksi kafin ka manta da su.

Haka za ka yi wa ginshiƙan da ke kwance a tsawon ƙasan jirgi, waɗanda matsayinsu ɗaya da azara a soro, musamman inda ƙafafun injin suke ɗaure. Kama notin da sifana ka ɗaure. Idan yana juyawa ba ya kamawa, katakon ƙarƙashinsa ya mutu. Wannan yana da alaƙa kai tsaye da ƙafa: idan ginshiƙi ya lotsa, inji yana sauka, saitinsa da shaf ya karkace, sai ya ci duk abin da ke tsakaninsu, tsohuwa ce ƙafar ko sabuwa.

Idan bango ya ruɓe, dole inji ya fita, faifan ƙafar ya fita, a kankare katakon a sa sabo. Aiki ne mai ƙaiƙayi da ƙura da cin lokaci. Amma akwai alheri ɗaya a ciki. Tunda za ka sake bango, ramin da ke wurin bai ɗaure ka ba. Kana iya huda wa kowace ƙafa ka ga dama, ko ka rufe shi gaba ɗaya. Mai Stringer, wannan ce damarka. Ka tuna dai MerCruiser tana buƙatar bango mai kaurin inci 2 zuwa 2 da kwata, shafaffe, fuskarsa ta ciki da ta waje a daidaice.

Mataki na 3: Injin

Ƙafa ba ta da amfani idan abin da zai juya ta ya mutu. Cire fulogi duka, ka gwada juya injin da hannu ta notin gaba. Idan ya juya, auna matsin kowace silinda. Abin da kake nema shi ne lambobin su yi kusa da juna. Silindar da ta gaza psi 100 (psi ma'aunin matsi ne), ko ta faɗi ƙasa sosai da 'yan'uwanta, tana neman bincike. Zaro sandar awon baƙin mai. Idan man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga.

Akwai wata cuta da jiragen da suka fito daga ƙasashen sanyi ke zuwa da ita, wadda makanikanmu ba su saba nema ba domin yanayinmu ba ya haifar da ita. Waɗannan injuna da ruwan tafki suke sanyaya kansu. Idan mai jirgi bai zubar da ruwan ba kafin hunturu, ruwan yana daskarewa, ƙanƙara kuwa ta fi ruwa cin wuri da kusan kashi 9 cikin 100, sai ta fasa gangar injin. Sau da yawa dalilin da ya sa aka sayar da jirgin da araha ke nan. Bi gefen gangar da fitila, ƙarƙashin manifol, ka nemi siririyar tsaga mai layin tsatsa. Wata tsagar ta ciki ce, sai ka tayar da inji da ruwa na ɗan lokaci sannan mai ya nuna.

Labari mai daɗi shi ne mafi yawan injunan nan na General Motors ne: lita 3.0 mai silinda 4, lita 4.3 mai 6, da 5.0 da 5.7 masu 8. Makanikin da ya san manyan motocin Amurka ba zai ga baƙon abu a cikinsu ba. Amma ina roƙonka da babbar murya, kada a sa maka kik ko altaneta ko kafireta na mota. Na jirgi an rufe su ne yadda tartsatsi ba zai fita ba, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake taruwa ba ya da mafita. Wannan ba wurin tsimi ba ne.

Idan injin ma ya mutu, to lissafi ya canza. Tsallaka zuwa mataki na 6 kai tsaye.

Mataki na 4: Abin da man giya zai gaya maka

Sauke ƙafar ta miƙe, ajiye farin kwano a ƙasa, kwance notin zubar da mai na ƙasa sannan na sama. Kalli abin da ya fara fitowa. Idan ruwa ne zalla kafin mai, ya daɗe a ciki yana aikin tsatsa. Mai mai launin madara yana nufin wani sil, wato robar da ke hana mai fita da ruwa shiga, yana yoyo. Baƙin mai mai warin ƙuna yana nufin zafi ya yi yawa. A kan notin akwai maganaɗisu. Laushin garin ƙarfe kamar kwalli ba abin damuwa ba ne, kowace giya tana yin sa. Gutsattsarin da za ka ji a yatsa kuwa haƙoran giya ne ko boris. Idan babu abin da ya fito sam, wannan shi ne mafi muni.

Bayan man ya tsiyaye, yi gwajin iska. Ana ɗaura ƙaramin famfon hannu mai agogo a ramin mai, a hura psi 10 zuwa 15, kada a wuce abin da littafin ƙafar ya faɗa, a bar shi mintuna. Juya farfela, motsa giya. Idan allura ta sauka, yayyafa ruwan sabulu a sil-sil ɗin, inda kumfa ya tashi nan ne ɓarakar. Mai kayan aiki ya kuma gwada ta hanyar zuƙe iskar, domin wani sil ɗin yana hana mai fita amma yana barin ruwa ya shiga.

Cire farfela ka duba bayanta. A ruwan da ake su, zaren fatsa da guntun taru suna naɗewa a nan su yanke sil. Juya shaf ɗin kana kallon bakinsa. Idan yana rawa, ya taɓa dukan dutse ko kututture ya lanƙwashe.

Ƙafar da ta sha ruwa ba lallai ta mutu ba. Idan babu gutsattsarin ƙarfe, kuma tana juyawa sumul ba gurnani, sabbin sil da sabon mai sun isa. Mutane da yawa sun zubar da ƙafa mai rai saboda robar da ba ta kai kuɗin cika tanki ba.

Mataki na 5: Cire ta ka leƙa ciki

Ba za ka san gaskiyar ƙafa ba sai ta sauka. A Alpha, sa giya a gaba kafin ka fara, in ba haka ba ba za ta fita lafiya ba; Bravo kuwa a firi ake cire ta. Kwance sandunan ɗaga ƙafa na gefe biyu, sannan noti 6 da ke riƙe da ita. Nauyinta ya doshi kilo 40, saboda haka ku zama ku biyu. Idan ta ƙi fitowa, shaf ɗin ne ya yi tsatsa ya manne. Haƙuri da man sassauta tsatsa za su fitar da ita, guduma kuwa fasa ta za ta yi.

Abu na farko da za ka duba shi ne robobin nan masu lanƙwasa kamar zugazugin maƙeri. A MerCruiser uku ne: babbar da shaf ke bi ta cikinta, ta hayaƙi, da ƙaramar da kebul ɗin giya ke bi. Ka fahimci matsayinsu da kyau. Ramin da ke bangon jirginka yana ƙarƙashin ruwa ko dab da shi, kuma waɗannan robobi ne ke tsakaninka da tafki. Idan ta kebul ko ta shaf ta yage jirgi yana ɗaure a bakin ruwa, ruwa zai riƙa shiga cikin dare ba mai gani. Jirage da yawa a haka suke nutsewa a mazauninsu. A tsohon jirgin da ba ka san tarihinsa ba, ba a tambayar ko suna da kyau. A canza su duka. Zafin ranarmu ma yana busar da roba fiye da na inda aka ƙera ta.

Zura hannu cikin babbar robar. Ya kamata ka tarar da ita a bushe. Ruwa ko jan tsatsa yana nufin abubuwa biyu da ke ciki sun sha wuya. Na farko shi ne boris ɗin da ke zaune a faifan bango, wanda shaf ke ratsawa. Juya shi da yatsu. Idan ka ji kamar akwai yashi a ciki, ya ƙare. Shi ne ke gurnani idan an karya kwana. Na biyu su ne kuros guda biyu da ke jikin shaf ɗin ƙafar, irin na farfelar babbar mota. Lanƙwasa su ta kowane ɓangare. Kada su cije, kada kuma su yi lako-lako.

Sai zoben da ƙafar ke juyawa a kai. Tun kafin ka cire ta, ka sa wani ya riƙe sitiyari kai kuma ka girgiza ƙafar dama da hagu. Wasa kaɗan ba laifi. Idan tana tafiya sosai sitiyari bai motsa ba, mahaɗar sama ta cinye, jirgin zai riƙa yawo a ruwa, kuma gyaran wannan wurin yakan kai ga fitar da inji. Ka lura, sabuwar ƙafa ba ta zuwa da wannan zobe, ba ta zuwa da boris ɗin bango, ba ta zuwa da robobin. Mai tunanin sayen ƙafa ya raba shi da matsala, a nan zai gane tsugune ba ta ƙare ba.

Na ƙarshe shi ne saiti. Akwai wata sandar ƙarfe da aka yi musamman don wannan. Ana shafa mata giris a zura ta ta cikin boris har ta shiga mahaɗar da ke bayan inji. Ya kamata ta shiga ta fita da yatsu biyu, haƙoran kuma su bar shaida daidai wa daida a kewayen giris ɗin. Idan sai an buga take shiga, inji ya karkace. Ana gyarawa ta notin ƙafafun inji na gaba. Idan an gyara ya ƙi zama, koma mataki na 2, akwai ruɓar da ba ka gano ba.

Game da gangar jikin ƙafar, alminiyom ce, kuma ruwan gishiri maƙiyinta ne. Kankare farar tsatsar ka ga zurfinta. Tabon sama ana gogewa a yi fenti. Ramuka masu zurfi a mazaunin sil ko boris, ko tsaga a kusa da farfela, ba su da magani mai ɗorewa. Jirgin da ya yi rayuwarsa a tafkin ruwan daɗi yakan zo da ƙafa mai kyau ko ya tsufa. Wanda ya kwana shekaru a ruwan Legas ko Fatakwal ba a ɗaga shi, labarinsa daban.

Mataki na 6: Hukunci

Yanzu kana da abin da za ka yi lissafi da shi. Rubuta kuɗin kowace hanya har da jigila da kwastan da ladan makaniki, ba kuɗin kaya kawai ba.

Ka gyara wadda kake da ita idan gangarta lafiya, giyarta ba ta zubar da ƙarfe ba, kuma irin da ake samun kayanta ce. Sil, robobi, boris, kuros, kebul da robar famfon ruwa, duk kayan da ke ƙarewa ne ko a ƙafa mai ƙoshin lafiya. Wannan ita ce hanyar da ta dace da mafi yawan Alpha da Volvo, har da Cobra mai shiga giya da kyau. Ban ga dalilin cire Cobra mai aiki don kawai kamfaninta ya rufe ba. A sa mata sabon kebul, a saita shi bisa littafi, a ci gaba da amfani da ita.

Ka canza ta da irinta idan giya ta farfashe ko ganga ta huje. Haɗa giyar ƙafa aiki ne na awo da siraran faifai da kayan aiki na musamman. Idan babu wanda ya taɓa yi a kusa da kai, gyaran zai zama na gangar Abzinawa. Ma'aunina shi ne, idan kuɗin gyara ya haura rabin na canji, canji ya fi. Ga Alpha, ban da ta kamfanin, akwai wadda Sterndrive Engineering na Florida ke ƙerawa, SE106 a gurbin zubin farko da SE116 a gurbin na biyu, kuma ta fi sauƙin kuɗi. Ƙafa ta hannu ma hanya ce, da sharaɗin za ka yi mata duk gwajin mataki na 4 kafin ka biya. Wanda ya hana ka kwance notin mai, ka bar masa kayarsa.

Ka koma wani iri idan taka Stringer ce, ko Cobra ce da ta mutu. Ga Cobra abin da sauƙi, akwai kayan haɗi da ake sayarwa don ɗora mata ƙafa irin ta Alpha ko Volvo SX. Ga Stringer, hanya mafi hankali ita ce ka sami wani jirgin da gangarsa ta lalace amma injinsa da faifansa da ƙafarsa suna da rai, ka kwashe su gaba ɗaya. Tsintar sassa ɗaya-ɗaya daga wurare daban-daban yana ƙarewa ne da kayan da ba sa shiga juna.

Hanya ta huɗu ita ce a rabu da tsarin baki ɗaya: a fitar da inji, a toshe ramin, a ƙarfafa bango, a ɗaura maƙalar ƙarfe a rataya injin waje. Ga mai jirgi a Najeriya ko Nijar, idan inji da ƙafa duk sun mutu, wannan ce nake fara dubawa, kuma dalilina na zahiri ne. Daga Legas zuwa Lakwaja, daga Yawuri zuwa Yamai, injin rataye ne ke aiki a ruwa, musamman Yamaha. Makanikinsa yana bakin kogi, kayansa suna kasuwa. Robar zugazugi ta Alpha kuwa sai ka yi oda ka jira. Injin rataye yana ɗaguwa gaba ɗaya ya fita daga ruwa, babu rami a ƙasan bango, kuma wurin tsohon injin ya zama fili.

Sai dai ba ɗaura-ka-tafi ba ne. Inji mai silinda 8 da ƙafarsa sun haura kilo 400, injin rataye mai doki 200 kuwa kusan rabin haka ne, amma nauyinsa yana can waje bayan bango. Zaman jirgin a ruwa zai canza, wani lokaci sai an matsar da tanki ko batir gaba. Sitiyari da kebul da agogo duk sabbi ne. Idan kuma jirgin na tarihi ne da kake son mayar da shi yadda ya fito daga masana'anta, wannan hanya za ta ɓata masa siffa da daraja. A nan zuciyar mai jirgi tana da haƙƙin magana, ba aljihu kaɗai ba.

Mataki na 7: Idan canjin ne, kada ka kuskure lambar giya

Ƙafafu biyu suna iya zama iri ɗaya a ido amma giyarsu ta bambanta. Lambar tana nuna sau nawa inji zai juya kafin farfela ta juya sau ɗaya. A Alpha zubi na biyu, injin 5.7 yakan tafi da 1.47, na 5.0 da 1.62, na 4.3 mai kafireta da 1.81, na 3.0 kuma da wajen 2.0. Ƙaramin inji da giyar babba ba zai iya ɗaga jirgi ya hau kan ruwa ba. Idan lambar ta goge, sa giya a gaba, yi alama a shaf ɗin sama da na farfela, ka juya kana ƙirgawa.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma kowanne yana iya kashe sabuwar ƙafa. Man giya daga ramin ƙasa ake ɗura shi har ya fito ta sama, don kada iska ta maƙale. Guntayen ƙarfen da ake ɗaura wa ƙafa don tsatsa ta ci su a maimakonta, a zaɓe su bisa ruwan: magniziyam a ruwan daɗi irin na Kainji ko Tiga, zinki a teku, alminiyom a ruwa mai surkin gishiri kamar na lagun ɗin Legas. Ba a yi musu fenti, kuma idan rabi ya cinye a canza. Kada fentin ƙasan jirgi mai jan ƙarfe ya taɓa ƙafar. Kada a tayar da inji ko na daƙiƙa kaɗan ba tare da ruwa yana shiga ƙafa ba, domin a Alpha da Cobra robar famfon tana jikin ƙafar, kuma a bushe nan da nan take ƙonewa. A ruwa mai yashi da laka irin na Kwara da Binuwai lokacin damina, ka riƙa duba wannan robar kowace shekara, ka kuma ajiye guda a jirgi.

Mataki na 8: Ranar shiga ruwa

Kada ka kwance jirgin daga tirela. Tura shi baya har ƙafar ta nutse, buɗe murfin inji, ka shiga da fitila ka zauna minti 10 kana kallon cikin bangon baya. Ɗigo ko ɗaya daga wajen faifan ko kebul yana nufin a fito a sake dubawa. Idan a bushe yake, kunna fankar fitar da tururin fetur na minti 4, sunsuna ƙasan injin da hancinka, sannan ka tayar. Sa giya gaba da baya kana kan tirela. Ya kamata ta shiga da ƙara guda, ba kar-kar-kar ba.

A cikin ruwa, fara a hankali, idonka a kan agogon zafi. Karya kwana dama da hagu har ƙarshe kana saurare. Idan sabuwar ƙafa ce, bi ƙa'idar sa'o'in farko da ke littafinta kafin ka buɗe mata wuta. Bayan nan, da mutanen da ka saba ɗauka a ciki, buɗe maƙura na ɗan lokaci ka karanta juyin inji. Injin 4.3, alal misali, ana son ya tsaya tsakanin 4400 da 4800 a minti. Idan bai kai ba, takun farfelar, wato nisan da take ci a juyi ɗaya, ya yi masa tsawo. Idan ya wuce, ya yi gajere. Kowane inci ɗaya na taku yana canza juyin da kamar 150 zuwa 200.

Da kun fito, bar ƙafar ta huce a miƙe na ɗan lokaci, sannan ka ɗan sassauta notin ƙasa ka tari ɗigo biyu na mai a farar takarda ka duba launinsa. Ka maimaita haka bayan fita ta biyu da ta uku.